Kwana huɗu gare ni a birnin Meziko, ina ya kamata in sa ƙafa?

Ɗan Maigatari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata tara ina harkar zoɓo. Muna tarawa daga ƙauyukan Jigawa da tsallaken Nijar, a tsince, a sheƙe, a danna a kwantena, ya bi ta Legas ya nufi Meziko. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa haɗa ido da mutumin da ke sayen kayana ba, sai dai a waya. Bana ya matsa lallai in je in ga sitonsu da yadda suke karɓar kaya, ni ma na ga zuwa da kai ya fi aike. Biza ta fito, in sha Allahu cikin Nuwamba zan tashi. Kwana goma zan yi, shida na kasuwa ne, huɗu kuma nawa ne.

Ni tun ina yaro ina son tarihi. Ko Kano na shiga, in na sami sarari sai na leƙa Gidan Makama ko na bi gefen badala ina kallo. To yarona ya buɗo mini intanet, sai ga wurare sun fi hamsin, kowanne an ce dole ne baƙo ya gani. Kaina ya ɗaure. Wani abokina kuma ya ce in ban je Cancún ba ban je Meziko ba.

Shi ne nake neman wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ba ni shawara. Gwiwata ta hagu tana ɗan taɓa ni, ba na jure hawa mai yawa. Ba na jin Sifaniyanci ko kaɗan, Turancina ma na ciniki ne. Sannan batun abinci da sallar Juma'a yana raina. Allah ya saka da alheri.

Malam na Samaru:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa a je a sa'a. Na yi wata biyar a Texcoco, gabas da babban birnin, ina kwas a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT, kuma kusan kowace Asabar a cikin gari nake yinta. Bari in faɗi abin da zan yi da ni ne kai.

Da farko ka ajiye zancen Cancún. Bakin teku ne da otal-otal, kuma daga babban birni tafiyar fiye da awa biyu ce a jirgin sama. Mai son tarihi da kwana huɗu a hannu ba shi da abin nema a can. Abin da ya fi kowane wuri a ƙasar yana tsakiyar garin da za ka sauka.

Ranar farko kada ka wahalar da kanka. Birnin yana kan tudu, mita 2,240 daga doron teku, iskar ba ta cika huhu kamar ta gida. Ni kwana biyun farko ko bene na hau sai na tsaya na yi haki. Ka sha ruwa sosai, ka yi tafiya a hankali, ka nufi filin da suke kira Zócalo. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana ajiye mutum a bakinsa, layi na 2, kuma kowace tasha tana da hotonta daban, don haka ko ba ka karanta yarensu ba ka ɓata.

In ka fito, ka tsaya a tsakiyar filin ka sa wannan a ranka: inda kake tsaye, da can tsibiri ne a tsakiyar tafki. Mutanen da muke kira Aztec, su kuma suke kiran kansu Mexica, sun kafa garinsu Tenochtitlan a nan wajen 1325. Suka yi hanyoyi a kan ruwa zuwa gaɓa, suka yi gonaki ta hanyar tara laka da ciyayi a cikin tafkin. A ranar 13 ga Agusta 1521 garin ya faɗi a hannun Hernán Cortés da Sifaniyawansa, tare da dubban mayaƙan Tlaxcala, wata ƙasa mai maƙwabtaka, da suka mara masa baya saboda tsohuwar gabar da ke tsakaninsu da Aztec, ga kuma cutar agana da ta riga ta ci mutanen garin tun 1520. Waɗanda suka ci yaƙin ba su koma gefe sun yi sabon gari ba. Rushe na da suka yi, suka ɗora nasu a kansa, da duwatsunsa. Wannan shi ne abin da nake so ka gani da idonka, don ba a hoto ake gane shi ba.

A arewacin filin akwai babbar majami'arsu. An fara ta a 1573, ba a gama ba sai 1813. Ka dubi dandamalinta da kyau, za ka ga ya karkace, domin an janye tafkin amma ƙasan laka ce, kuma ana ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa don shan mutum sama da miliyan 20. Wasu sassan garin sun nutse kusan mita 10 cikin ƙarni ɗaya. A tsakiyar majami'ar an rataye wani ƙarfe mai tsini da doguwar igiya daga can sama, an yi zane a ƙasa da shekaru, yana nuna yadda ginin ya riƙa jirkicewa.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa Templo Mayor, babban wurin bautar Aztec. Labarin gano shi ya tsaya mini a rai. A Fabrairun 1978 ma'aikatan lantarki suna haƙa a gefen titi, digarsu ta daki wani abu mai tauri. Da aka share, sai ga faifan dutse mai faɗin sama da mita 3, an sassaƙa wata mace da aka daddatsa gaɓoɓinta, wadda suke kira Coyolxauhqui. Daga nan gwamnati ta rushe gidajen wurin aka ci gaba da tono. Yanzu za ka bi wata siririyar hanya ta ƙarfe a kan kufan, motoci na wucewa a bayanka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ginin kamar albasa yake: duk sarkin da ya ga dama sai ya lulluɓe na magabacinsa da sabon gini mafi girma, har hawa bakwai. Kana tafe kana ratsa bango bayan bango, kana komawa baya cikin shekaru. A can ciki akwai sauran fenti ja da shuɗi a jikin dutse. Na daɗe tsaye a gaban wani bango da aka jera siffofin ƙoƙon kan mutum na dutse, sahu-sahu, farar ƙasa na nan a jikinsu. Ba ado ba ne kawai. Mutanen nan suna yanka bil'adama don bautarsu, kuma a 2015 an tono ainihin hasumiyar ƙoƙunan kai a wani titi da ke bayan majami'ar, ɗaruruwa, har da na mata da yara. Ina tsaye a wurin ƙararrawar majami'a ta buga, hayaƙin wani turaren ƙaro da suke kira copal yana tasowa daga masu rawar gargajiya a waje, ƙamshinsa kamar na hano. Jikina ya yi sanyi ranar.

In gwiwa ta bari, ka gangara titin Pino Suárez. A kusurwar wani tsohon gidan masu mulki, wanda yanzu gidan tarihin birnin ne, dutsen da ya tallafi ginin kan maciji ne na Aztec, haƙoransa a waje, daidai ƙugun mutum. Jama'a na wucewa da ledojinsu ba mai kallonsa. Na sa hannu na shafa shi.

Rana ta biyu ka ba gidan tarihi na ƙasa da ke dajin Chapultepec, Museo Nacional de Antropología, wanda aka buɗe a 1964. Kada ka ce sai ka ga kowane ɗaki, ba zai yiwu ba. Ka wuce kai tsaye ɗakin Mexica, inda Dutsen Rana yake, wani faifan dutse da Aztec suka sassaƙa mai nauyin tan 24, wanda aka tono a Zócalo a 1790. A ɗakin nan akwai abin da na tabbata zai riƙe ka a matsayinka na ɗan kasuwa: an ƙera kasuwar Tlatelolco da 'yan mutum-mutumi, layin masu masara daban, na masu barkono daban, na masu tukwane, na masu talotalo, ga alƙalan kasuwa zaune suna raba gardama. Cortés da kansa ya rubuta wa sarkinsu cewa mutum 60,000 ke cin kasuwar nan kullum. Kuɗinsu ƙwayar koko ce, kamar yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri. Ina kallo ina tuna Kurmi. Akwai kuma hular gashin tsuntsu da ake danganta wa Moctezuma, sarkin Aztec, amma kwafi ce. Ta ainihin tana Vienna a Austiriya, har yau suna neman a dawo musu da ita, irin dai abin da ya sami kayan tagullar Benin.

Da yamma ka je Tlatelolco ɗin kanta, filin da suke kira na al'adu uku. Kufan Aztec a ƙasa, cocin Santiago da aka gina da duwatsun kufan a tsakiya, dogayen benayen zamani kewaye. A nan aka ƙare yaƙin 1521. Akwai allon dutse da ke cewa abin da ya faru ba nasara ba ce ba kuma faɗuwa ba, haihuwa ce mai zafi ta al'ummar Meziko ta yau. A filin nan dai, ranar 2 ga Oktoba 1968, sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta kwana goma kafin gasar Olamfik. Ba a cika kai baƙi wurin ba, amma ni ya fi mini wurare da yawa da ake yayatawa.

Rana ta uku Teotihuacan, kufan wani tsohon birni, kilomita 50 arewa maso gabas. Motocin suna tashi daga tashar Autobuses del Norte, tafiyar kamar awa ɗaya. Ba Aztec suka gina shi ba, su ma kango suka tarar, an watse daga garin ɗaruruwan shekaru kafin zuwansu. Dalar Rana ta kai mita 65. An hana hawanta tun 2020, saboda haka gwiwarka ta huta, sai dai tafiyar ƙasa tana da tsawo kuma babu inuwa. Ka yi sammako, ka tafi da malafa.

Abu ɗaya kada ka manta: ranar Litinin yawancin gidajen tarihi a rufe suke, amma Teotihuacan a buɗe yake. Lahadi kuma 'yan ƙasa kyauta suke shiga, cunkoso ya yi yawa.

Maman Hanif:

Alhaji barka da shiri. Malam ya gama magana a kan babban birni, ni ta abinci zan kama, don a nan na sha wuya. Muna zaune a Amurka, mun je hutu da maigida da yara sau biyu.

Naman alade ya shiga girkinsu sosai, kuma ba a tsokar kaɗai matsalar take ba, a kitsen ne. Suna kiransa manteca. Da shi da yawa suke soya wake, da shi suke kwaɓa tamales, wani abu kamar alale na masara da ake naɗewa a ɓawonta. Ka rubuta wannan a takarda ka riƙa nunawa: sin cerdo, sin manteca, wato ban da alade, ban da kitsensa. Kuma za ka ga nama yana juyawa a tsaye a jikin ƙarfe, sak shawarma, suna ce masa al pastor. Asalinsa daga Larabawan da suka yi ƙaura zuwa can ne, amma yanzu da alade ake yinsa. Sauran kaɗan babban ɗana ya saya, Allah ya sa babansa ya tambaya. Carnitas, chicharrón da chorizo duk ka kauce musu. Mu kifi muka riƙe, da ƙwai, da gasasshiyar masara, da 'ya'yan itace, sai gidajen abincin Labanawa, su ma muna tambaya. Ruwan famfo kada ka sha.

Amma akwai abin da zai faranta maka. Duk inda ka ga manyan tulunan gilashi a jere, jan nan zoɓo ne, suna kiransa jamaica, ana furta shi hamaika. Na kusa da shi mai ruwan ƙasa tsamiya ce. Na sha a wata kasuwa, na ce wa maigida wannan ba shi da maraba da na unguwarmu sai rashin citta da kanumfari. Wa ya sani ko daga buhunka ya fito.

Rana ta huɗu, in da ni ce, Puebla zan je. Awa biyu ce a bas daga tashar TAPO, kuma in gari ya yi haske za ka hango dutsen Popocatépetl yana hayaƙi. An kafa garin a 1531. Gidajen tsakiyar gari an lulluɓe su da tayil mai zane shuɗi da fari da ake kira talavera, sana'ar da Sifaniyawa suka zo da ita, su kuma sun gaje ta daga zamanin Musulmin Andalus. Ka shiga ɗakin karatu na Palafoxiana, wanda aka kafa a 1646. Kantocin katako hawa uku, littattafai sama da 40,000, ƙamshin tsohuwar takarda da itace. Ƙaramar 'yata da ba ta zama wuri ɗaya, shiru ta yi da muka shiga. Kusa da Puebla akwai Cholula, inda za ka ga tsauni da coci mai ruwan ɗorawa a bisansa. Ba tsauni ba ne, dala ce da ƙasa da ciyawa suka rufe, kuma wajen girman jiki ta fi ta Masar. Hawan yana da tsayi, ka tsaya daga ƙasa ma ka gani.

Abu Sumayya:

Ni tambaya gare ni, ba gardama ba. Wuraren nan duk na gumaka ne da majami'u, har an ce an yanka mutane a wurin. Ya dace Musulmi ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ya je kallonsu? Ina ganin Alhaji ya fara tambayar malamai kafin ya tsara tafiyar.

Malam na Samaru:

Abu Sumayya, tambayarka a kan hanya take, kuma ni ba malamin fatawa ba ne, na noma ne. Alhaji ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da na ji a raina. Ban je don girmama dutse ba. Na ga mutanen da suka kai ƙarshe a lissafin taurari da gini da noma, su ne suka gaji masarar da yau take ciyar da Funtuwa da Saminaka, suka mallaki ƙasa daga teku zuwa teku, kuma cikin shekara biyu mulkinsu ya zama kufai da ake biyan kuɗi a shiga. Ranar da na fito daga Templo Mayor na yi la'asar a ɗakina da natsuwar da na daɗe ban samu ba. Masu rawar da ke bakin wurin sukan yi wa mutane turare wai wankin jiki ne daga sharri. Wannan kam ka ɗaga hannu ka wuce, ba sa matsawa.

Batun Juma'a da na manta: akwai cibiyar Musulmi a unguwar Anzures, kusa da Polanco, a can na riƙa yi. Za ka tarar da Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Afirka ta Yamma da 'yan ƙasar da suka musulunta. Ba nisa da Chapultepec, don haka kana iya haɗa gidan tarihin da Juma'a a rana ɗaya. Alƙibla arewa maso gabas take daga can, ba gabas sak ba, ka duba a waya. Agogonsu yana bayan namu da awa 7.

Bazazzagiya:

Ban taɓa zuwa ba, tarihi nake koyarwa a sakandare, amma akwai abin da nake so a sa a lissafi. A jihar Veracruz, kusa da Córdoba, akwai wani ƙaramin gari mai suna Yanga. Sunan wani ɗan Afirka ne, Gaspar Yanga, da aka kawo bauta gonakin rake. Wajen 1570 ya gudu da jama'arsa suka hau duwatsu, suka zauna kusan shekara 40 ba a iya kamo su ba. A 1609 Sifaniyawa suka tura runduna, abin bai ƙare yadda suke so ba, daga baya dole aka zauna aka yarda su yi garinsu a matsayin 'yantattu. Akwai mutum-mutuminsa a garin riƙe da adda. Shugaban da ya soke bauta a ƙasar a 1829, Vicente Guerrero, shi ma yana da jinin Afirka, kuma a ƙidayar 2020 mutum kusan miliyan 2.5 suka ce su tsatson Afirka ne. Na san kwana huɗu ba za su kai ka can ba Alhaji, tafiyar ta fi awa huɗu a mota. Amma in mai sayen kayanka zai kai ka tashar jirgin ruwa ta Veracruz, hanyar ta Córdoba take bi. In ka tsaya, don Allah ka ɗauko mini hoto in nuna wa ɗalibaina.

Ɗan Maigatari:

Kai, madalla. Allah ya biya ku duka. Malam, na karanta bayaninka sau biyu, na sa yarona ya kwafe mini a takarda. Cancún na haƙura. Hajiya Maman Hanif, kalmomin nan biyu na rubuta su a bayan katina, kuma zan tafi da citta da kanumfari a jaka in haɗa wa mutumin nawa irin namu ya ɗanɗana. Abu Sumayya, gobe bayan asuba zan tambayi limaminmu. Malama Bazazzagiya, na yi masa waya ɗazu, ya ce dama yana da niyyar mu je Veracruz ranar Talata mu ga inda ake sauke kwantena, kuma ya san Yanga, ya ce za mu tsaya.

Yadda kwanakin suka faɗo, Juma'a zuwa Litinin ne nawa. Ke nan Juma'a gidan tarihi da masallaci, Asabar Zócalo da Tlatelolco, Lahadi Puebla, Litinin Teotihuacan. Malam, haka ya yi?

Malam na Samaru:

Ya yi daidai Alhaji. Ranar Juma'ar ka isa gidan tarihin da zarar an buɗe, ƙarfe 9, don ka sami awa uku kafin ka wuce masallaci. Ka tafi da rigar sanyi, safiyar Nuwamba a can kamar tsakiyar hunturun Jos take. In ka ji lasifikan kan titi sun ɗauki ƙara, gargaɗin girgizar ƙasa ne, ka bi jama'a zuwa fili, kada ka shiga lif. Kan macijin nan na titin Pino Suárez yana daidai kusurwar da titin ya haɗu da República de El Salvador, ka duba ƙasa-ƙasa, sauƙin wucewa gare shi.